Kwas ɗin koyon duba majinyaci da na gama: abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai

Sati biyu kenan da na gama kwas ɗin nan na koyon duba mara lafiya da gano cuta, kuma tun daga ranar abokan aiki ke ta tare ni suna tambaya, wai sista ya kika gan shi, mu yi rajista ko mu haƙura? To bari in zauna in faɗi komai sau ɗaya. Ni nas ce, shekara tara ina aiki, awon jini da sa ruwa da wankin ciwo duk ba su ba ni tsoro, amma gaskiya in likita ya ɗora abin sauraren ƙirji a bayan majinyaci ya ce akwai ruwa a ƙasan huhun dama, ni dai sai in rubuta, ban san me kunnensa ya ji ba. Abin ya daɗe yana cin raina. Kwas ɗin an shirya shi ne don irinmu, nas-nas da masu harhaɗa magani da masu gashin ƙashi da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya, waɗanda ake so su kai matakin da za su karɓi majinyaci da kansu, su ji tarihinsa, su duba shi, su ce ga abin da suke zargi.

Wata shida muka yi. Rabi bidiyo ne da karatu a intanet, rabi kuma firaktikal ne ido da ido da malamai. In taƙaice muku tun yanzu, ranakun firaktikal ɗin su ne kwas ɗin, sauran duk rakiya ne.

Ranar farko kowa ya zo da abin saurarensa rataye a wuya, sai malamar ta ce duk mu cire mu sa a jaka, yau ba mai taɓa kowa. Wunin nan gaba ɗaya tambaya muka koya. Ta kawo mana wani bincike na 1975 da Hampton da abokansa suka yi a Ingila, majinyata 80 aka bi, a cikin 66 daga cikinsu tarihin da aka ji kaɗai ya kai ga cutar da aka tabbatar daga baya, tun kafin a taɓa jiki ko a ɗebi jini. Sannan ta ambaci na Beckman da Frankel na 1984 a Amurka, wanda ya nuna cewa likitoci na katse majinyaci bayan kamar daƙiƙa 18 da fara maganarsa. Na ji wannan na ce a raina ai ni ba haka nake ba. Sai aka kawo wani dattijo da aka horar ya riƙa yin kamar mara lafiya, aka ce in fara. Na gaishe shi, na ce Baba me ke damunka, ya ce ƙirjinsa ne ke masa zafi musamman in ya ci abinci ya tashi... bai rufe baki ba na ce ƙwannafi kake ji? Malamar ta ɗaga hannu a hankali ta ce, sista, bar shi ya ƙarasa. Da na yi shiru sai ga shi yana cewa in ya ci abinci ya tashi ya hau bene ne abin ke kama shi, kamar an ɗora masa dutse, har ya kai muƙamuƙi da hannun hagu, gumi ya keto masa, in ya zauna ya lafa. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Da majinyacin gaske ne da na sallame shi da maganin olsa alhali zuciyarsa ce ke neman taimako. Tun ranar in na yi tambayar farko sai in haɗe hannuwana in bar mutum ya gama.

Daga sati na biyu aka shiga jiki, kuma tsarin ɗaya ne a ko'ina: ka duba da ido, ka taɓa, ka ƙwanƙwasa, ka saurara. Ƙwanƙwasar ce ta fi ba ni wahala kuma ita na fi jin daɗin koya. Na kalli bidiyonta ya fi sau goma a gida amma da na zo yi ba sautin da ke fita, sai wani ɗan tuf tuf mara ma'ana. Malamin ƙirji, wani likita mai haƙuri sosai, ya zo ya tsaya a gefena ya kama hannuna na hagu ya danna yatsan tsakiya ya kwanta sosai a tsakanin haƙarƙari biyu, ya ɗaga sauran yatsun kada su taɓa fata, sannan ya riƙe min gwiwar hannun dama ya ce daga wuyan hannu bugun zai fito ba daga kafaɗa ba, ki buga ki ɗauke da sauri kamar yatsan ya taɓa wuta. Na buga. Sai ga sauti ya fito, irin na wuri mai iska a ciki. Ya ce ki yi ta sauka. Ina sauka ina bugawa a ɓangaren dama, can wajen haƙarƙari na biyar zuwa na shida sai sautin ya mutu ya koma dum, ya ce to kin iso hanta. Kai! Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba, abin da ke cikin mutum ne na gano da yatsa biyu. Shi ya ba mu labarin cewa wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Auenbrugger ne ya fara rubuta wannan dabara a 1761, shi kuma abin sauraren ƙirji Laennec ne ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1816, na farkon ma takarda ce ya naɗe. Abu sama da shekara ɗari biyu amma har yau ba bidiyon da zai koya maka shi sai wani ya riƙe hannunka.

Ɓangaren zuciya ma sun yi ƙoƙari. Wurare huɗu na saurare, biyu a sama a tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku dama da hagu, ɗaya a ƙasan gefen hagu na ƙashin ƙirji, ɗaya kuma a rami na biyar daidai layin tsakiyar ƙashin wuya inda bugun ke fitowa. An koya mana kwantar da mutum a digiri 45 mu juya kansa kaɗan mu nemi motsin jijiyar wuya, wanda in ya hau sama da kima yana nuna zuciya ta fara gazawa ko ruwa ya yi yawa a jiki. Suna da mutum-mutumi mai fitar da sautin zuciya kala-kala, kuma ya taimaka, don a kansa na fara bambance ƙarar da ke hawa zuwa wuya in ƙofar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ta tsuke da wadda ke tafiya hammata in ƙofar mitiral, wato wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, tana yoyo. Amma mutum-mutumi ba ya da ƙiba, ba ya tari, ba ya jin kunya, ba ya magana kana tsakiyar saurare. Ranar da aka kai mu wajen majinyata na gaske waɗanda suka yarda a koya a jikinsu, ƙarar da nake ji tar a roba sai da na yi minti uku kafin in kamo ta a ƙirjin wata baiwar Allah. Kwana biyu kacal aka ba mu na irin wannan a wata shida, kuma a ganina ya yi kaɗan ƙwarai.

Abin da ban yi tsammani ba kuma ya fi komai amfani shi ne darasin yadda ake tunani. Duk majinyacin da aka kawo sai an ce ka faɗi abu uku da kake zargi, sannan a tambaye ka wanne ne a ciki zai iya kashe shi ko naƙasa shi yau in ka yi sakaci. Ciwon baya abu ne na kullum, amma in ya zo da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da riƙewar fitsari, wannan ba na jira ba ne, jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne. Ciwon kai kowa na yi, amma wanda ya faɗo lokaci ɗaya kamar tsawa ya kai maƙura cikin minti guda, sai ka yi tunanin zubar jini a kai. Sun kuma yi ta jan kunnenmu kan kafewa a kan tunanin farko, wato ka ji kalma ɗaya ka yanke hukunci sannan duk abin da ya biyo baya ka riƙa lanƙwasa shi ya dace da abin da ka riga ka ƙudurta. Abin da na yi wa dattijon nan kenan a ranar farko.

To yanzu inda suka gaza, kuma ba zan ɓoye ba don abin ya dame ni.

Hotunan darasin fata kusan duk na farar fata ne. Ƙuraje ja, leɓe shuɗi, fata ɗorawa, duk a jikin da launi ke fitowa ɓaro-ɓaro. To majinyaci mai duhun fata fa? Jan da ake cewa ka nema ba ja zai fito ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi ɗumi ko ya kumbura, ciwon shawara kuma a farin ido za ka fi kama shi, ƙarancin jini a cikin fatar ido da tafin hannu, ƙarancin iska a harshe da cikin baki. Da na yi tambaya malamar ta amsa da kyau, har ta ƙara da cewa ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini ma yana iya nuna lamba sama da gaskiya a mai duhun fata, kuma wani bincike na 2020 daga jami'ar Mishigan ya nuna baƙaƙen fata sun fi farare fuskantar wannan kuskure kusan ninki uku. To in an san haka me ya sa sai an tambaya? Wannan a cikin darasi ya kamata ya kasance, da hotunansa, don rai ne a ciki.

Sannan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa an cusa su a wuni ɗaya. Jijiyoyin kai goma sha biyu, ƙarfin gaɓoɓi, bugun gwiwa da ɗan guduma, tafiya, ma'aunin hayyaci na Gilasgo da ke tashi daga 3 zuwa 15, duk kafin la'asar. Leƙa bayan ido da fitila kuwa minti ashirin aka ba shi, ni dai jan haske kawai na gani aka ce lokaci ya yi. Yara kusan ba a taɓo su ba. Bidiyon ma wasu sun yi tsawo ba gaira ba dalili, mutum na karanta abin da ke rubuce a allo na minti hamsin. Kuma kai za ka nemo wa kanka likitan da zai riƙa sa ido a kanka a wurin aikinka yana sa hannu a littafin shaida, ba su taimaka da wannan ko kaɗan, akwai wata a ajinmu da ta yi kusan wata biyu tana bin mutane kafin ta samu.

Jarrabawar ƙarshe ita ce oski, wato wadda ake gwada ka a aikace kana duba majinyaci, wani likita mai suna Harden ne ya fito da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975. Ɗaki-ɗaki ake zagayawa, kowane minti goma, ƙararrawa ta buga ka matsa gaba. Ba su yi zalunci ba, kuma na ji daɗin yadda suke ba da maki kan wanke hannu da gabatar da kai da neman izini da rufe wa mutum jiki in ka gama da wurin. Matsalarta dai tana sa wasu haddace jerin motsi kamar karatu, su ɗora abin saurare su ɗauke ba tare da sun ji komai ba. Wani malami ya gane haka, sai ya riƙa tsayar da mutum ya ce to me ka ji, faɗa min.

Satin da ya wuce ina aikin dare, wani tsoho da aka kwantar saboda wata matsala daban ya ce min numfashinsa ba ya isarsa. Da can lamba zan duba in kira likita in ce Baba na gado kaza ba ya jin daɗi. Wannan karon na tsaya na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, 28, alhali na babba a hutawa 12 zuwa 20 ne. Na ce Baba don Allah ka ɗan zauna in duba bayanka. Ɓangaren dama ba ya buɗewa kamar na hagu, na ƙwanƙwasa daga sama sauti lafiya, ina isowa ƙasa ya mutu kamar na buga dutse, na saurara iska ba ta shiga wurin. Na kira likita na faɗa masa haka dalla-dalla na ce ina zargin ruwa ne ya taru, bai yi minti goma ba ya iso, hoton ƙirji ya nuna ruwan.

Don haka wanda ya tambaye ni, eh ka yi, amma kafin ka sa hannu ka tambaye su ɗalibi nawa malami ɗaya ke riƙewa a firaktikal, mu shida ne kuma ya yi daidai, in sun wuce goma hannunka ba zai samu mai gyara shi ba. Ka tambayi awa nawa za ka yi da majinyata na gaske, kuma ka samu likitan da zai tsaya maka tun kafin a fara. Ni yanzu bayan ido ne ya rage min, na roƙi wata likitar ido ta yarda in riƙa zuwa wajenta duk Talata bayan na tashi aiki har sai na iya ganin jijiyar idon da kaina.