Directory Privacy na cPanel, ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Masu haɗa website da cPanel (shafin da ake sarrafa hosting da shi), in ba ku taɓa gwada Directory Privacy ba, wato abin kulle folda da fasawod, wallahi kuna wahalar da kanku. Yana nan a sashen Files, ka zaɓi foldar da kake so ka kulle, ka kunna kariyar, ka ƙirƙiri suna da fasawod, shi ke nan fa. Duk wanda ya nufi foldar sai burauza ta fito masa da ɗan akwati tana tambayarsa, in ba shi da su ya ga 401 (saƙon ba ka da izinin shiga) ya koma inda ya fito, kuma duk ƙananan foldojin da ke ciki sun kullu tare.

Ni na sa wa wata makaranta shi a foldar da malamai ke ajiye takardun jarabawa na PDF, ba filogin, ba database, ba layin kod ko ɗaya da na rubuta. cPanel da kansa yake rubuta .htaccess (fayil ɗin da ke gaya wa saba dokokin foldar), fasawod ɗin kuma ya ajiye a foldar .htpasswds can wajen public_html (foldar da ke buɗe ga jama'a) inda baƙo ba zai iya sauke shi ba, wannan ya burge ni sosai.

Amma fa a kula, Basic authentication ne, wato tsarin tambayar suna da fasawod na Apache (manhajar da ke gudanar da saba), base64 kawai yake wa fasawod, sauya rubutu ne da kowa zai iya mayarwa, ba ɓoyewa ta gaskiya ba ce, in shafinka ba ya kan HTTPS wanda kuke kan waifai ɗaya zai iya tsintarta, don Allah ka tabbatar SSL (shi ke ba shafi HTTPS) na aiki tukuna tunda AutoSSL, mai saka shi a cPanel, kyauta ne. Sannan ba maɓallin fita, burauza na riƙe da bayanan har sai an rufe ta gaba ɗaya, ka ga a kwamfutar ofis da kowa ke taɓawa wannan matsala ce babba. Malami ya manta fasawod ɗinsa kuma ba zai iya canzawa da kansa ba, kai za a kira.

Masu WordPress in za ku kulle wp-admin (foldar masu gudanar da shafin) ku bar wa fayil ɗin admin-ajax.php da ke cikinta hanya, in ba haka ba wasu filogin za su daina aiki a gaban shafin. Sabar da take gudu da Nginx zalla (wata manhajar saba ce ba Apache ba) kuwa ba ta ma karanta .htaccess.

Na ba shi 4 cikin 5 in mutane kaɗan ne za su shiga, ko shafin gwaji ne da ba ka so Google ya gani. In kwastomomi ne masu yawa kowa da akawun ɗinsa, nemi tsarin login na gaske.