Hidimar kwale-kwalen Tarkwa Bay: abin da muka gani da iyali

Shekara 9 ke nan ina zaune a Agege tun barowata Maraɗi, amma ban taɓa kai iyalina bakin teku ba sai da mahaifiyata ta zo mana ziyara, ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga ruwan da ake ba ta labari. Ita abin da ta sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda ke kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani. Na zaɓi Tarkwa Bay ne saboda katangar duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas tana karya ƙarfin igiyar ruwa, don haka gaɓarsa ta fi ta yankin Lekki kwanciya, kuma hakan ya fi dacewa da mai tsohuwa da ƙananan yara.

Babu hanyar mota zuwa wurin, dole sai ta ruwa, saboda haka ingancin tafiyar gaba ɗaya yana hannun mai kwale-kwale. Mun hau wani mai inji daga Marina da hantsi, tafiyar kuma ba ta wuce minti 20 ba. Na yaba wa matuƙin ƙwarai, domin da ya ga Inna ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu tana salati, sai ya rage gudu, kuma duk lokacin da muka kusanci igiyar da wani babban jirgi ya tayar a hanyarsa ta shiga Apapa, yakan sassauta ya tare ta a hankali har mu wuce. Inna ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, ashe waɗannan gidajen ma tafiya suke yi a kan ruwa?”

Inda hidimar ta gaza shi ne rigunan kariya. Hukumar LASWA, mai kula da hanyoyin ruwa na jihar, ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar, kuma an ba mu, sai dai duk na manya ne. Wadda aka sa wa ɗiyata mai shekara 4 ta rufe mata haɓa, igiyar ɗaurinta ɗaya kuma a tsinke take, har sai da mahaifiyarta ta cire ɗankwalin da ke jakarta ta ƙara ɗaure mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, kuma ina shawartar duk mai yara ya nemi a nuna masa ƙananan riguna kafin ya biya ko sisi.

A gaɓar mun kama hayar rumfa da kujeru, kuma yana da kyau a gama ciniki tun kafin a zauna. Yashin yana da laushi, yara sun yi wasa inda ruwa bai wuce musu gwiwa ba, muna hangen gine-ginen sabuwar unguwar Eko Atlantic a tsallake, inda bakin tekun Bar Beach yake a da. Abincinmu muka taho da shi a kula, dambu da soyayyen nama, tare da jarkar ruwan alwala da tabarma, muka yi Azahar da La’asar a cikin rumfar. Wurin sauya tufafi da muka samu bai da isasshen sutura ga mata, don haka maiɗakina ba ta shiga ruwan ba.

Matuƙin ya yi alkawarin dawowa ƙarfe 4:30, ya kuma cika, muka sauka a Marina da sauran rana. Zan sake hawan jirginsa, amma zan sayi rigar ɗiyata in tafi da ita. Inna kuwa ta cika gorar roba da ruwan gishirin, ta ce sai ta kai wa ƙawayenta a Maraɗi sun ɗanɗana da bakinsu.