AdwCleaner: abin da take sharewa da abin da take bari a baya

Galibi da daddare abin yake faruwa. Ana kallon wasan Al-Hilal a irin shafukan nan na kallon ƙwallo kyauta, ko kuma ɗalibi a Madina yana neman Office na bulus don rubuta bahasinsa. Sai allo ya rufe ruf, ga tambarin Microsoft, ga jiniya tana kuwwa, ga wata murya tana cewa an kulle kwamfutar, kada a kashe ta, a kira lambar da ke ƙasa. Babu abin da aka kulle. Shafin intanet ne ya baje ya cika allo. Saƙon matsala na gaskiya daga Windows ba ya zuwa da lambar waya, kuma Microsoft da kanta ta sha faɗin haka.

Fita daga ciki ba wuya. Ka danne Esc ka riƙe na ɗan lokaci, domin taɓawa ɗaya ba ta isa ga wasu shafukan. In ya ƙi, Alt da F4. In ya ƙi, Ctrl da Shift da Esc tare, ka kashe burauzar daga Task Manager. Da ka sake buɗe ta za ta tambaya ko a dawo da shafukan da aka rufe. Ka ce a'a, in ba haka ba jiniyar ce za ta dawo.

Idan kuwa abin ya zama kullum, ko shafin farko na burauza ya canja da kansa, ko bincike yana kai ka wani wuri da ba Google ba, to akwai manhajar talla da ta maƙale. A nan AdwCleaner, manhajar share irin waɗannan manhajojin talla, take da amfani. Wani Bafaranshe ne ya fara ƙirƙirar ta, kamfanin Malwarebytes ya saye ta a 2016. Kyauta ce, ta Windows ce kawai, kuma ba a girka ta: fayil ɗaya ne ƙarami da za ka iya yawo da shi a filasha. Daga shafin Malwarebytes kaɗai za a sauke ta, a rubuta adireshin da hannu, don an taɓa samun jabunta mai neman kuɗi kafin ta "gyara". Duk wadda ta nemi riyal ko ɗaya ba ita ba ce.

Ka adana aikinka tukuna, saboda tana rufe manhajojin da ke buɗe. Danna Scan Now. Cikin 'yan mintoci za ta jero abin da ta gano: ƙarin kayan burauza da ba ka sa ba, injin binciken da aka cusa, ayyukan da aka saita su riƙa tashi da kansu, da tarkacen rajistar Windows. Ka zaɓa, ka danna Quarantine, ka bari ta sake kunna kwamfutar in ta nema. Killacewa take yi maimakon gogewa kai tsaye, saboda haka in ta kwashi abin da ake buƙata ana iya maido shi. Rahoton kowane bincike yana cikin folda mai sunanta a faifan C na kwamfutar, abin da mai gyara zai so gani.

Wurin da ake yawan tafka kuskure shi ne jerin manhajojin da kwamfuta ta zo da su daga kamfani. Tana nuna su daban. Wasu shara ce, amma a ciki akwai masu kula da batir, sabunta direbobi da maɓallan haske da sauti a HP, Lenovo ko Dell. Wanda bai san su ba ya bar su yadda suke.

A wannan aikin dai ta cancanci yabo: sauri, sauƙi, ba ta danne tsohuwar kwamfuta. Sai dai shara take yi, ba gadi ba. Da an rufe ta ta gama aiki, ba za ta hana sabuwar talla shiga gobe ba. Don haka a haɗa da mai toshe talla, uBlock Origin a Firefox ko uBlock Origin Lite a Chrome, sannan a bar Microsoft Defender, manhajar kariya da ke zuwa da Windows, a kunne.

Akwai kuma ramin da bai kamata a bar mata ba. Yawancin saƙonnin "an gano ƙwayar cuta" da ke leƙowa ta kusurwar dama ta ƙasa, masu tambarin McAfee ko Norton, ba daga wata manhaja suke ba. Wata rana wani shafi ya ce ka danna Allow don tabbatar da kai ba mutum-mutumi ba ne, ka danna, ashe izinin turo sanarwa ka ba shi. Bincike na iya cewa komai tsaf alhali saƙonnin na ci gaba da zuwa. A Chrome ka rubuta chrome://settings/content/notifications, a Edge ka sauya farkon zuwa edge, ka toshe duk shafin da ba ka sani ba. A wayar Android ma maganin ke nan, a saitin Chrome.

Babbar iyakar AdwCleaner ita ce mutumin da ya riga ya kira lambar da ke allon ƙaryar. 'Yan damfarar kan sa a sauke AnyDesk ko TeamViewer, ko a buɗe Quick Assist da ke cikin Windows, su karɓi linzami daga nesa. Sai su buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton abubuwan da suka faru, su nuna jajaye da rawayen alamomi, waɗanda kowace lafiyayyar kwamfuta tana da su birjik, su ce kutse ne. Daga nan sai kuɗin gyara, sau da yawa ta katin iTunes ko Google Play, don da an karanto lambar katin kuɗi ya tafi. Waɗannan manhajojin sarrafawa halastattu ne, ba aikin AdwCleaner ba ne ta kama su.

A Saudiyya haɗarin ya wuce kuɗin gyara, tunda iƙama (katin izinin zama), banki da layin waya duk suna rataye da Absher da Nafath, manhajojin gwamnati na hidimomi da tabbatar da shaidar mutum. Idan buƙatar Nafath ta shigo wayarka ba kai ka nema ba, kada ka zaɓi lambar da wani ya karanto maka, ko da ya rantse daga banki yake. Wanda aka riga aka shiga kwamfutarsa ya cire intanet nan take, ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa na banki (mada) a dakatar da katin, ya canja kalmomin sirri na imel da Absher daga wata na'ura dabam, ya kai ƙara ta Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro. Saƙon tes na damfara ana tura shi zuwa 330330. Ita kwamfutar kuwa, a kwashe takardu da hotuna a sake zuba mata Windows daga tushe, kuma a duba jerin masu shiga akwatin imel ko an ƙara wata lamba ta dawo da kalmar sirri.