Ansible da Git a kan sabobinmu na Zamfara: inda ya biya ni da inda ya gaza

Ofishinmu yana Gusau, muna da rassa a Ƙaura Namoda da Talata Mafara, kowane reshe da 'yar ƙaramar saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai Ubuntu da ke riƙe da lissafin kayan shago. In aka taɓa saiti ba daidai ba har ƙofar SSH, wadda ake bi a shiga saba daga nesa, ta rufe, dole wani ya hau mota ya je ya gyara, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Da wannan mudun na auna Ansible, manhajar da ke tura saiti zuwa sabobi daga wuri ɗaya.

Michael DeHaan ne ya fito da shi a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015, kuma har yau kyauta ake samun na asalin. Ba ya buƙatar a dasa wata manhaja ta musamman a kan sabar da zai taɓa. In akwai SSH da Python, shi ke nan. Fayilolin saitinmu duka, na nginx, na PostgreSQL, na sshd mai kula da ƙofar SSH, suna zaune a ma'ajiyar Git guda ɗaya, wadda ke riƙe tarihin kowane gyara. A gefensu akwai jerin sabobin da kuma umarnin YAML mai faɗin inda kowane fayil zai sauka.

Na ɗora ƙaramin Makefile, wato fayil ɗin gajerun umarni, a kansa mai umarni biyu, make duba da make tura. Na farkon yana kiran ansible-playbook da --check da --diff. Ba ya canja komai, sai dai ya baje maka a allo layin da zai cire da wanda zai saka, saba bayan saba. Na biyun ba ya ko motsi muddin akwai gyaran da ba a adana a Git ba. Saboda haka duk abin da ya isa reshe yana da sunan wanda ya yi shi, da rana, da dalili. In ya ɓata, a soke gyaran da git revert, a sake turawa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne validate. Kafin sabon fayil ɗin sshd ya maye gurbin tsohon, Ansible yana ajiye shi a gefe ya sa sshd -t ya gwada shi. In akwai harafin da ya kauce, aikin ya tsaya nan, tsohon fayil yana nan daram, ƙofa a buɗe. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya taɓa juyowa da allo jawur, ya ce, "Oga, ya ƙi tafiya fa." Na ce masa, "Bar shi, ƙanena, kuɗin mota ya ajiye mana." Kalmomin sirri kuwa ansible-vault ke kulle su kafin su shiga Git, ba ni da ƙorafi a kansa.

Matsalar Ansible sabis ne. An gina shi a kan cewa kai ne za ka tura, sabar kuma tana can tana jiranka. Kowane mataki sai ya je ya dawo ta SSH, don haka in layi yana rawa za ka zauna kana kallon allo, daga ƙarshe ya rubuto maka UNREACHABLE. Kunna pipelining, saitin da ke rage yawan zuwa da dawowar nan, yana rage wahalar sosai, kuma na rasa dalilin da yake zuwa a kashe. Amma in inbatar reshe ta mutu, babu saitin da zai yi maka magani. Wanda ya zauna a jihar nan a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa, ya san saba na iya ɓacewa na makonni. Shi ya sa na mayar da rassan kan ansible-pull tare da cron, mai tada aiki lokaci-lokaci. Duk sa'ad da sabis ya dawo, sabar da kanta take jawo sabon saiti daga Git ta gyara kanta. Kuɗin wannan sauƙin shi ne ba ka ganin sakamako nan take, sai ka bi rajistar aikin daga baya.

Sai 'yan ƙananan abubuwan haushi. YAML ba ya yarda da tab ko ɗaya a farkon layi, Makefile kuma ba ya aiki sai da shi, ga su a folda ɗaya suna maƙwabtaka. Saƙon kuskuren Ansible kan zo da tsawo, wani lokacin ma layin da ya nuna ba shi ne mai laifin ba. Masu Windows kuma sai sun bi ta WSL, wato Linux a cikin Windows, don ba ya gudana kai tsaye a can.

Mai saba ɗaya a ƙarƙashin teburinsa, Git da rsync mai kwafar fayiloli sun ishe shi. Amma wanda sabobinsa suka warwatsu a garuruwan da sai an yi shawara kafin a je, ya koyi Ansible, ya kuma fara da fayil ɗin sshd kafin komai.