Akwatin fenti mai kala 12: ya dace da mai jinya, amma a canza buroshin

Fentin ruwa ne irin na 'yan makaranta, kala 12 a ɗan akwatin ƙarfe, da buroshi ɗaya a ciki. Ƙanena ya saye shi jaka biyu da rabi ta sefa a wani shagon littattafai kusa da babbar kasuwar Garwa, a Kamaru. Kuɗin bai tafi a banza ba, amma wanda ya dogara da abin da ke cikin akwatin kaɗai zai yi fushi tun ranar farko.

Buroshin dai ba abin kirki ba ne. Gashinsa na zubewa ya manne a kan zanen, bakinsa kuma ba ya tsini ko ka murza shi. Ni mai zanen lalle ce, hannuna ya saba da siririn layi, don haka na ajiye shi na sa aka nemo mini ƙarami mai lamba 2.

Tarin fuka ne ya kwantar da ni. Maganinsa wata shida ne, kyauta ake bayarwa: iri huɗu a wata biyun farko, sannan iri biyu a sauran wata huɗun. Amare ba sa zuwa lalle wajen mai tari, ko bayan likita ya ce na daina yaɗawa. Zaman ɗaki ya ishe ni. Shi ne yaron ya miƙo mini akwatin ya ce, "Yaya, ga wannan, ki riƙa ɓata takarda."

A murfin akwai hoton manyan fararen tsuntsayen ruwan nan na Turai masu dogon wuya, uwa da uba da 'ya'yansu masu ruwan toka. Su na fara kwaikwaya, kuma a nan na ga raunin farin fentin. Alli ne kawai, yana bushewa ya koma gari. Dabarar ita ce ka bar farin takarda yadda yake, ka zagaye shi da shuɗin ruwa.

Da ƙarfi ya ɗan dawo, wajen ƙarshen damina, sai ƙanen nawa yake ɗaukata a babur daga unguwar Yelwa zuwa bakin kogin Binuwai bayan la'asar. Ruwa ya cika, ya bar tafkuna a gefe, kuma a ɗaya daga ciki na samu nawa iyalin: agwagin ruwan nan kirinjijiya guda biyu da 'yan tsakinsu. A nan akwatin ya nuna kansa. Jan ƙasar da ke ciki daidai yake da ƙirjin kirinjijiya, ba sai an gauraya ba. Baƙin yana da kyau a ƙeya, idan kuma aka tsinka shi da ruwa yana ba da siraran layukan haƙarƙari. Fuskar fara ce, sai a bar takarda. 'Yan tsakin ne suka ba ni wuya, don rawayar akwatin ta cika ƙyalli, sai an kashe ta da ɗigon ruwan ƙasa. Ga shi ba sa tsayawa. Uwar na gaba, uban na baya, ko akasin haka, don kamarsu ɗaya, kuma da shaho ya gifta sai ƙananan su shige ciyawa. Kafin ka zana ɗaya ka daɗe kana kallo, kuma duk tsawon lokacin ban tuna da nauyin ƙirjina ba. Koren dai bai yi mini ba, ya yi kama da na ledar shago, babu ciyawar da ke da wannan kalar a bakin kogi.

Takarda ita ce rabin aikin. Ta littafin rubutu tana kumbura ta yage da zarar ta sha ruwa. Takardar zane ta Canson ta 'yan makaranta, mai kauri ɗin nan da aka rubuta wa giram 224, tana ɗauka, in ba a cika mata ruwa ba. Da hunturu ya shigo kuma fentin kan bushe kafin a gama shafawa, sai an fara jiƙa takardar. Wani abin da na ji daɗinsa, ba ya wari ko kaɗan, don ƙaro ne ke riƙe fentin ruwa, irin wanda Cadi ke fitarwa waje. Mai ciwon huhu ba zai jure warin fentin mai da fetur ɗin wanke shi ba.

Ma'aikaciyar asibiti ta gargaɗe ni cewa ɗaya daga ƙwayoyin farko, etambutol, kan taɓa ido har mutum ya kasa bambanta ja da kore, in na ga haka in dawo da gaggawa. Sai ya zama kullum na buɗe akwatin nakan fara duba waɗannan biyun. Alhamdu lillahi, ban taɓa ganin sun haɗe ba.

Kawuna bai so zanen abu mai rai ba, ya kuma faɗa mini a gaban mutane. Na ce, "To, Kawu, na ji." Zanukan suna cikin jaka, ban kafa su a bango ba.

Mai zuwa gaida mara lafiyar da jinyarsa za ta yi tsawo, in ya haɗa wannan da lemon da ya saba kaiwa bai yi laifi ba. Ya dai buɗe akwatin a shago ya duba, don namu shuɗin ya zo a fashe, ya kuma ƙara kuɗin takarda da buroshi.