Awa guda cikin injin MRI don a zana taswirar ganina

Wata ƙawata ce a jami'ar da nake karatu a Jamus ta turo min sanarwa, wai ana neman masu sa kai da za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon allo. Na ce bari in je, ko ba komai in ga cikin kan nan da Inna ta daɗe tana kuka da taurinsa.

Tun daga ƙofa aka fara tantancewa. Injin MRI da maganaɗisu yake ɗaukar hoton cikin jiki, wannan kuwa mai ƙarfin Tesla 3 ne (Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), maganaɗisunsa kullum a kunne yake, don haka allurar hijabi, ɗan kunne da zobe duk sai da na cire. Har kwallin idona ma'aikaciyar ta sa na goge, ta ce wani kwallin akwai garin ƙarfe a ciki. Tabarau ma nasu na roba suka ba ni. Wannan tsantsenin ya burge ni.

Ƙarar ce ban shirya mata ba. An toshe min kunne, amma ji nake kamar an shimfiɗa min tabarma a ɗakin injin niƙa. Suka tokare kaina da soso, ga madubi saman fuskata yana nuno allo. Aikina in kafa ido kan ɗigo ɗaya a tsakiya, wani yanki mai zanen baƙi da fari yana zagaye shi kamar hannun agogo, daga baya zobe ya riƙa buɗewa daga tsakiya. Duk sanda ɗigon ya canja launi sai in danna maɓalli. Sau ɗaya na yi gyangyaɗi, suka gane, aka maimaita zagayen.

Ranar da ɗalibin da ke binciken ya nuna min sakamakon ne na san zuwana ya biya. Ashe a ƙeya ake gani. Saƙo zai baro ido, rabin jijiyoyin kowane ido su tsallaka ɗaya ɓarin ƙwaƙwalwa, su ya da zango a talamus, wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan su isa wurin da ake kira V1 a bayan ƙwaƙwalwa. Abin da ke hagunki ɓarin dama ke karɓa, na sama kuma ya faɗa ƙasa. Ɗan tsakiyar gani, wanda da shi muke karatu, ya cinye fili mai yawa a V1. Nan take na tuna Kawu bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, idonsa garau amma yana ta karo da ƙyauren da ke hagunsa.

Ɗalibin bai ɓoye min ba: injin ba tunani yake gani ba, jini yake bi, ta hanyar da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma jinin kan makara da kamar daƙiƙa 5. Tun kafin injin ma, Tatsuji Inouye, likitan ido ɗan Japan, ya zana irin taswirar daga raunukan harsashi a kawunan sojojin yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905.

Ƙorafina ɗaya: sai da na yi ta bibiya kafin su turo min hoton. Kuma wannan ba duba lafiya ba ne, sun rubuta haka a takardar da na sa wa hannu. Mai tsoron ƙuntataccen wuri ta faɗa musu tun kafin a kwantar da ita, ramin bai da faɗi.