Feji-feji a guruf ko sai an kammala? Amsa ga mai labarai uku

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce labarai uku ne a hannunki, babu wanda ya kai rabi, ga na huɗu ya fara yi miki raɗa, kina tambaya ko ki buɗe guruf na kuɗi a WhatsApp ki riƙa saki feji-feji, wato kashi-kashi kina rubutawa kina turawa, ko ki bari sai kin kammala. Ki kammala. Guda ɗaya cikin ukun, wanda kika riga kika san yadda zai ƙare, kuma kada wani ya ga ko layi ɗaya sai kin rubuta tammat bi hamdillah a ƙasansa.

Na yi duka biyun, shi ya sa ban tsaya yi miki kwana-kwana ba.

Feji-feji dai ba zan ci haƙƙinsa ba, yana kawo kuɗi da wuri, kuma sharhin masu karatu yana sa ki zauna taifin ko ranki ba ya so. Iyakar alherinsa da na sani ke nan. A 2021 na karɓi naira 300-300 a hannun mata sama da ɗari kan labarin da babi shida kawai na rubuta. Ina wajen feji na 30 sai na farga ashe uwargidan ce mai labarin, amaryar da nake ta yi wa ado 'yar rakiya ce. Ga shi bakin alƙalami ya riga ya bushe. Lokacin ma WhatsApp ba shi da damar gyara saƙo, sai a 2023 suka kawo ta, ita ma minti 15 ce kacal, kafin nan an kwafe an watsa. Haka na ci gaba da jan labarin da ya fita a raina, a tsakiyar zafin Afrilu, ba wuta, waya ta ɗau zafi kamar an ciro ta daga murhu, ana ta “Anti shiru”, “Anti kuɗi fa muka biya”. Daga ƙarshe kashe mijin na yi a haɗarin mota kan hanyar Gusau don in huta. Har yau in aka ambaci littafin nan sai in canza zance.

Abin da ya gyara mini zama kuwa ko kusa bai kai kuɗin data na wata guda ba. Na shiga Sabuwar Kasuwa sayen kayan makarantar yara, na hango irin dogon littafin nan mai bango mai tauri da masu shago ke rubuta bashi a ciki, na ƙara da shi. Duk sabon tunanin da ya faɗo mini ina tsakiyar wani aiki, shafi ɗaya nake ba shi: labarin waye, me yake nema, me ya tare masa hanya, sai kwanan wata. In rufe, in koma kan abin da nake yi. Ba na sake buɗewa sai Juma'a bayan la'asar. Innarmu ta taɓa ɗauka ta jujjuya shi ta ce, “Wanga littahi naki na bashi, wa ka biyan ki?” Na ce Inna ni ake bi. Tun daga ranar sunansa littafin bashi.

Za ki sha mamakin yadda yawancinsu ke mutuwa da kansu. Tunanin da ya hana ki barci daren Litinin, ki karanta shi bayan sati biyu ki rasa me ya burge ki. Waɗansu kuma ashe ba sabon labari ba ne sam, gurbi ne da ya rage a wanda kike rubutawa. Akwai wata tsohuwa mai fura da na gani a tashar mota, tana ƙirga canji da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin zanen jikarta kada ta shiga titi, ba ta ko kalli yarinyar ba. Na dawo gida jikina na rawa, na ce wannan littafi guda ce. Na ba ta shafinta na rufe. Sati uku bayan nan na maƙale a babi na tara, yarinyar labarina ta gudu daga gidan miji ba ni da inda zan kai ta, sai ga tsohuwar nan a littafin bashi tana jirana. Ta zama kakarta. Da yake babu wanda ya karanta ko feji ɗaya, na koma babi na biyu na shigar da ita tana dama fura a zaure, na sake ambatonta a babi na biyar. Duk wadda ta karanta sai ta ce kakar nan ce ta fi tsaya mata a rai, babu wadda ta san daga baya aka dasa ta. Da feji-feji nake yi, da sai dai ta faɗo daga sama a babi na tara, masu sharhi su ce Anti ina wannan ta fito.

To ki auna. Mai sakin feji-feji in ta canza shawara a gaban jama'a take canzawa, ke kuma a ɗakinki. Ita kuɗinta na zuwa tun farko amma bashi ne a wuyanta, rashin lafiya ko rasuwa ko biki duk sai ta zo tana ba da haƙuri. Ke naki yana jinkiri, sai dai in ya zo halalinki ne ba mai binki. Mu da muka taso da littattafan haya na Kano mun san ciwon karanta na ɗaya da na biyu, a yi ta jiran na uku har a gaji. Kuma in kin kammala babu ƙofar da ta rufe: ki sa babi biyu ko uku kyauta a manhajar karatu ta Wattpad don a ɗanɗana, ki ɗora sauran a manhajar sayar da littattafai ta ArewaBooks, ko ma ki buɗe guruf ɗin ki riƙa sakin feji biyu kullum daga abin da ke ajiye, hankalinki kwance. Ki dai riƙe kwafinki a wuri biyu, ɗaya a imel. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da ake ta yayi, sun rufe a ƙarshen 2023.

Na huɗun nan da ke damunki, in ya ƙi mutuwa bayan wata guda, duba ko gajere ne. Ba kowane tunani ne ke da ƙashin littafi ba. BBC Hausa na shirya gasar Hikayata ta mata tun 2016, gajeren labari suke karɓa, sai ki sauke shi can ki samu sarari.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don ranar da za ki ce za ki buga na takarda. Akwai dillalai masu cewa su za su kai miki aiki maɗaba'a a Kano ko Kaduna. Za a nuna miki samfuri a farar takarda mai kauri, a kawo miki mai shara-shara wadda rubutun baya ke leƙowa ta gaba, ki ce 500 a kawo 430 a ɗaure cikin kwali da sunan ya cika. Kada ki biya duka a tashin farko. A rubuta irin takarda da yawan kwafi da ranar kawowa, ki ga kwafin gwaji da idonki, ki ƙirga kaya a gaban wanda ya kawo. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, wanda ya ce yana da ita a aljihu zai sayar miki da araha, mai yiwuwa lambar littafin wani ce zai manna miki. Sannan duk gyaran da za ki yi ki gama shi kafin a fitar da filet, wato farantin da injin maɗaba'a ke bugawa da shi, don daga nan ko harafi ɗaya kika canza sabon kuɗi ne. Na taɓa biyan wannan kuɗin saboda sunan mutum guda da na ga dama na sauya a daren ƙarshe.

Su kuma masu shiga guruf da naira 300 su haɗa labarinki dokumen su riƙa sayarwa ɗari-ɗari, suna nan ko kin kammala ko ba ki kammala ba. Ki riƙa tsarma sunanki a tsakiyar babi, ba a sama kaɗai ba inda ake saurin gogewa.

Gobe ki aiki yaro ya sayo miki littafin bashin, mai layi-layi, kada ki karɓi mai ƙusar waya a tsakiya don shafukansa na zubewa. Labarai biyun da kika ajiye ki ba kowanne shafinsa, ki rubuta inda kika tsaya. Wanne ne cikin ukun kika san ƙarshensa? Ki faɗa mini nan.